Na Toshe Bakin Motar Maigidana, Laifin Ya Faɗa Kan 'Yarsa

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direba ne a nan Maiduguri, furfura ta riga ta cinye min gemu a kan sitiyari. Maigidana dillalin shanu ne a Kasuwar Shanu, gidansa yana Fezzan. Shekara da shekaru da tsohuwar motarsa muke yawo, wadda in ta yi tari na san abin da ke damunta. Bana sai ya sayo wata sabuwa, irin wadda ba ta da makulli sai dannawa. Wallahi tun ranar ban sake jin daɗin aikina ba. Ba ka ɗaura bel ba, kuka. Ƙofa ba ta rufu ba, kuka. Ka sa ribas, ko akuya ce ta gifta, tit-tit-tit har cikin ƙwaƙwalwarka. Mota ce ko uwar miji? Ni da na koya wa mutane tuƙi, yau ƙarfe ne zai riƙa yi min tsawa?

Duk wannan na haƙura. Amma kun san halin da garin nan yake ciki, kowane direba ya san in ka doso shingen sojoji da duhu, kashe fitilar gaba ake yi a kunna ta ciki. Wata rana gab da magariba hadari ya haɗo, ina sauri in shiga gida kafin dokar hana fita. Ina isa shinge, 'yar banzar nan ta ga duhu ta kunna fitilunta da kanta, fau a idon soja! Na danna nan, na murɗa can, ta ƙi mutuwa. Aka saita ni da bindiga, aka fito da ni. Wani soja da na haife shi ya sa ni tsallen kwaɗo a cikin taɓo, masu keke suna kallo. Ina tsalle gwiwoyina suna ƙara, ita kuma tana bayana tana kuka wai na bar ƙofa a buɗe. Tir!

Washegari na kai ta wurin wani rewaya mai gyaran wutar mota, na ce ya nuna min fiyus ɗin da ke sa ta wannan iyayi. Na zare shi na jefa aljihu. Mota ta yi tsit, har da kukan ribas ɗin. Ban gaya wa kowa ba, har wani daɗi nake ji wai na yi maganinta.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne 'yar Alhaji maigidana, a ce sunanta Falmata, ɗaliba ce a jami'a. A wannan motar ta koyi tuƙi, ba ta san waiwaye ba, ba ta san madubi ba, kukan nan shi ne idonta na baya. Ran nan da hantsi ta fito za ta makaranta, ta sa ribas. Baba Modu, wani dattijo da ya gudo daga ƙauyensu Alhaji ya ba shi gadi, yana tsugune a bayan motar yana wanke buta. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙarar bugun da ta yi masa. Ta karya masa ƙugu. Mutumin da ya tsira daga masu bindiga da ƙafarsa, yau ga shi kwance sai an juya shi.

Ga inda na zama abin ƙyama. Ana can asibiti, ni kuma na lallaɓa na mayar da fiyus ɗin. Da suka dawo Falmata tana kuka tana rantsuwa, "Baba, wallahi ba ta yi ƙara ba, ban ji komai ba!" Alhaji ya ce a gwada. Ya tsaya a bayan motar da kansa, ya ce in sa ribas. Na sa. Tit-tit-tit. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Ga ganganci ga ƙarya. Waya kike dannawa, ko?" Ta juyo wurina, ni da nake kai ta firamare tana riƙe da yatsana, ta ce, "Baba Direba, kai ka san motar nan. Zai yiwu ta yi shiru?" Na buɗe wannan ƙazamin bakin nawa na ce, "Wataƙila dai ba ki ji ba, 'yata."

Yanzu yarinyar nan ta yarda ita ce. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta, ubanta ba ya amsa gaisuwarta. Kullum tana dama kunu ta ba ni in kai wa Baba Modu, wai kunyar haɗa ido da shi take ji. Shi kuma tsohon yana ce min, "Ka gaya mata na yafe, ƙaddara ce." Ni nake ɗauko yafiyar nan in kai mata, da wannan hannun da ya zare fiyus. Wane irin mutum ne ni?

Da ina cewa motar nake ƙyama. Yanzu in ta yi kukan ribas kaina nake ƙyama, don ita dai aikinta take yi. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, ga iyali a Umarari, ga 'yan'uwan matata da suka yi gudun hijira duk a kaina, kuma a garin nan wa zai sake ba ni mota? In na yi shiru, yarinya tana ƙarewa a gabana. Jiya ta ce min, "Baba Direba, da kai ne a ciki da hakan bai faru ba." Na kasa ce mata ai ni ne a ciki.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?