Rigar Samfuri Tana Cikin Bokiti

Dogo,

Na fita shago kana barci, kuma gara haka, don da na tashe ka da ba mu rabu lafiya ba.

Jiya matar nan mai sabon kamfanin kayan motsa jiki ta zo duba samfurin rigar da muka ɗinka mata. Idan ya yi mata, aikin riga ɗari biyu za ta ba mu. Ina ta zuba yabon yadin, wai yana shan gumi ba ya riƙe wari. Ina buɗe ledar, wallahi sai da ta ja da baya ta toshe hanci. Hammatar rigar ta yi rawaya, wuya duk maiƙo. Ashe ƙwallo ka je da ita, ka ninke ta da danshinta ka mayar leda, har da manna tef. Kwana huɗu tana tsami a ciki! Tir. Ko abinci ban iya ci ba.

Da ƙyar ta yarda ta dawo yau da la'asar. Rigar tana cikin bokiti a banɗaki. Ka wanke ta da hannu, da ruwan sanyi, ka shanya a inuwa. Kada dutsen guga ya taɓa ta, tambarin zai narke. Ka kawo ta shago da ƙafarka, kuma ka tsaya.

Matar ta tambaye ni wa ya yi wannan ƙazanta, na ce zai zo ya gaishe ta. Ka yi wanka tukuna.

Yayarka