Baba Ya Koyi Waya a Hannun Wata

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Abin kunya ne, shi ya sa ban sa sunana ba: kishi nake yi da wata baiwar Allah makauniya, kuma a kan mahaifina.

Baba tsohon direba ne, hawan jinin ido ya cinye masa gani. Mahaifiyarmu ta rasu, yayana yana wani gari, don haka komai a kaina yake. Ni ke ɗiga masa magani kafin in tafi kantin maganin da nake aiki, ni ke bin layin asibiti, ni ke jera masa kaya yadda hannunsa zai same su. Ban taɓa ƙorafi ba, ubana ne.

Da ƙaramar wayarsa mai maɓalli ta mutu, sai Yaya ya aiko masa da babba, irin ta shafawa, wai akwai murya a ciki mai karanta wa makafi komai. Na yi iya ƙoƙarina in koya masa. In ce ya danna nan, ya ce ina ne nan? In ce koren, ya ce shi ina zai ga kore? Ga muryar da shegen surutu, in ka taɓa abu ba ya buɗewa, sai ta tsaya tana faɗa maka sunansa. Takan ishe ni in kashe ta, in yi masa abin da yake so, in miƙa masa. Ƙarshe ya jefa wayar cikin durowa ya ce a bar shi, gilashi ba na makaho ba ne.

A asibiti aka haɗa mu da Malama. Ba ta girme ni ba, kuma da makantarta aka haife ta. Duk Asabar nake kai shi wani ɗan ofis a saman bene inda take koyarwa. Ba ta fara da wayar ba ma. Tafin hannunsa ta kama ta mayar da shi fuskar waya, tana zana masa da yatsa: shafa dama ka ji abu na gaba, buga sau biyu ya buɗe. Ni kuwa ina kan benci rungume da jaka, ina kallon Baba yana ƙyalƙyala dariyar da rabona da jin ta tun idonsa na gani.

Yanzu ya iya kira, yana sauraron labarai, har saurin muryar ya ƙara yadda ni ba na tsintar ko kalma. Fuskar wayar ma a kashe take, baƙi ƙirin, wai shi me zai yi da haske. Magana ɗaya biyu sai ya ce "Malama ta ce". Ran nan na kai hannu zan karɓi wayar in gyara masa wani abu, ya riƙe gam, wai Malama ta hana a riƙa kashe masa muryar. A gidan da nake wanke masa kaya!

Abin da ya ƙarasa ni shi ne makon jiya. Ya rubuta saƙonsa na farko da hannunsa, ya daɗe yana fama da haruffa, kuma Malama ya tura wa. Da murnarsa ya sa wayar ta karanta mini. Da "'yata" ya fara. Na ce masa ya yi kyau, na shige kicin na sha kukana.

Tun da ni ke kai shi, na yi niyyar in ce an sauya mini ranar aiki, darasin ya mutu haka nan. Ai ya iya abin da zai iya. Na san ba kyau, amma zuciyata ta ƙi sanyi. Me zan yi?

'Yar Baba

'Yar Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Ba zan ce kishinki shirme ba ne. Ke kika ɗauki ɗawainiyar da ba a tafa wa, wata ta zo da awa guda a mako ta kwashe yabo. Ko ni ce sai na ji zafi. Baba ma yana da nasa laifin, ya saba da alherinki har ya daina ambatonsa, kuma iyaye sun iya wannan.

Amma kada ki kashe darasin nan, domin bai gama iyawa ba. Wayar shafawa tana yi wa makaho aiki sosai in ya samu horo, sai dai ba kullum take da kirki ba. Akwai manhajar da muryar za ta ce "maɓalli" kawai ta yi shiru, ba ta san na mene ne ba. Akwai ranar da waya za ta sabunta kanta, abin da ke sama ya koma ƙasa. A bakin titi kuma hayaniya kan danne muryar. A irin waɗannan wurare yana buƙatar wadda ta riga shi yin tuntuɓe da su, yana kuma buƙatar idonki. Ba gurbi ɗaya kuke nema ba.

Batun kashe muryar kuwa, Malama ta fi ki gaskiya, ki yi haƙuri. Duk ranar da kika miƙa masa waya bebiya, gilashi ne zalla a hannunsa. Ba mugunta kika yi ba, ido ne ya yi miki yawa. Ki daina cewa nan da can da kore. In zai nemi abu, ki naɗe hannuwanki ki bar shi ya lalubo, ko da kina ganin abin ƙuru-ƙuru.

Saƙon farko kuma, ɗalibi malaminsa yake fara kai wa aiki. Kalmar "'yata" a bakin dattijo ba ta ƙarewa don an ba wata. Ki lura da wani abu: a wurin Malama Baba mutum ne mai ci gaba, a wurinki kuwa ya zama majinyaci, daga magani sai an ci abinci. Yaushe rabon da ki kai masa damuwarki ki nemi shawararsa? Ina zargin kin daina tun da ya makance, don kada ki ɗora masa nauyi. Shi kuwa uba nauyin nan yake kewa.

Saboda haka ki kai shi ranar Asabar, ki gaida Malama da fuska a sake. In kin koma wurin aiki, ki ɗauki wannan wasiƙa da kika rubuto mini, ki cire sunana, ki tura wa Baba. Da a bara ne, sai an nemo wanda zai karanta masa, ke kuma ba za ki yarda wani ya ji ba. Yanzu zai saurara shi kaɗai a ɗakinsa, ya maimaita yadda yake so. Kada ki kira ki ce ya gani? Ki ba shi lokaci, a hankali yake rubutu. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Antinku