Sassaƙen Aduwar Inno da Ciwon Yayana

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni 'yar Kebbe ce, ina karatun haɗa magunguna a Sakkwato. Kakata Inno, wadda ta rene ni, ta shekara arba'in tana ba masu tsargiya jiƙon sassaƙen aduwa. Da aka ce kowa ya kawo tsiron da zai yi bincike a kai, shi na kai. Muka tace ruwansa, muka ɗiga wa tsutsotsin cutar a ɗan faranti, kwana biyu suka daina motsi. Murna ta ɗebe ni, na buga wa Inno waya. Ban ce mata a faranti ne ba, Gwaggo, na dai ce ya yi aiki.

Kafin sati, har a kasuwar Tambuwal ana cewa jami'a ta tabbatar da maganin Inno. Ga yayana Namadi, manomin shinkafa a fadama, wata huɗu yana fitsarin jini. An ba shi ƙwayoyi a asibiti, ya watsar ya koma wa jiƙon Inno, wai ƙanwarsa mai boko ta gama magana. Ya rame, tsoro nake ji. Amma yaya zan kunyata tsohuwar da ba a taɓa yabon ta haka ba?

Jikar Inno

'Yata, ba ƙarya kika yi ba, rabin magana kika faɗa, kuma rabin da kika bari shi ke cin yayanki. Kin fi ni sanin cewa abin da ya kashe tsutsa a faranti sai an yi shekaru ana gwaji kafin a san ko zai yi a jikin mutum, da kuma awon da ba zai taɓa hanta ba. Wataƙila Inno na da gaskiya. Namadi ne ba shi da lokacin jira.

Wannan karon ban da waya. Ki hau mota, ki durƙusa gaban Inno ku biyu kawai, ki ce kuskuren naki ne. Sannan ki roƙe ta, ita da bakinta ta tura shi asibiti a sake auna shi, don maganarta zai ji. Macen da ta ƙarar da rayuwarta kan majinyata ba za ta zaɓi yabo ta bar jikanta ba. Bincikenki kuwa ki ci gaba, sunanta a shafin farko.

Za ta ji zafi, ki daure ki kalle ta. Allah Ya tashi kafaɗun Namadi, Ya bar miki Inno.