Surukina ya ɗaure birkin motata da waya

Barkanmu da warhaka jama'ar gidan nan. Admin ka ɓoye sunana, don Jalingo ƙaramin gari ne, kowa ya san motar kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya, duk lokacin da na tuna sai in ji har abinci ya fita raina.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, a Nukkai nake zaune da matata da yaranmu. Baban matata bakanike ne, tsohon hannu, garejinsa yana unguwar Turaki, kuma dattijo ne a cocinmu. Tun da na sayi 'yar motata shi ke gyara min, ba don na zaɓa ba, kun dai san yadda abin yake, ka auri 'yar mutum ka kai motarka garejin wani, ai ka zage shi kenan. Ko kallon idonsa ba na iya yi sosai, balle in tsaya a kansa yana aiki.

Kwanakin baya ya canza min fad ɗin birkin gaba. Ba a jima ba sai na fara jin wani ƙas-ƙas daga tayar gaba ta ɓangaren direba, musamman in na taka birki a hankali, ko na yi ribas na dawo gaba, ko na faɗa rami. Na koma na gaya masa cikin ladabi. Ko leƙawa bai yi ba ya ce, "Ɗana, mota ɗin nan ba shi da komai, sabon fad ne, zai zauna." Na jira ya zauna, bai zauna ba, ƙarar ma ƙaruwa ta yi. Na sake komawa, ya ce in bar motar in je ofis. Da yamma na ɗauki motar babu ƙara, na yi ta godiya kamar wawa. Kwana kaɗan ƙarar ta dawo, wannan karon har da warin roba mai ƙonewa, yara na toshe hanci a baya.

Allah ya sa ƙusa ta huda min tayar nan, na tsaya wurin mai faci. Da aka cire tayar na durƙusa na leƙa. Ƙarfen da ke riƙe fad ɗin, wanda suke kira kalifa, noti biyu ke ɗaure shi, ɗaya babu, an naɗa wayar ɗaurin rodi a wurin an murɗe. 'Yan ƙananan ƙarafan da ke matse fad kada ya yi rawa, su ma babu. Maimakonsu tsohon silifas aka yanka aka cusa, ya narke ya yi baƙi ya manne kamar ƙanzon tukunya. Na sa hannu na girgiza kalifan, sai ga ƙas-ƙas ɗin da ke damuna. Da wannan ƙazantar nake ɗaukar jikokinsa zuwa makaranta kullum.

Ban iya zuwa wurinsa ba. Na lallaɓa da motar wani gareji can nesa da Turaki, aka kankare robar, aka sa noti da ƙarafan da suka dace, aka shafa giris inda ya kamata, aka ɗaure tam. Aikin ko wahala bai yi ba, abin da ya ƙara ɓata min rai kenan. Ƙara ta ɗauke gaba ɗaya.

Da na gaya wa madam sai ta hau ni, wai na ci mutuncin babanta, wai tun kafin a haife ni yake gyaran mota ba wanda ya mutu, wai da wannan aikin ya yi mata makaranta har na gan ta na so. Na nuna mata wayar da guntun silifas ɗin, don na taho da su a leda, ta ƙi ko kallo. A ƙarshe ta yi kuka ta roƙe ni kada Baba ya ji, hawan jini gare shi. Na ce to, na yi shiru, ina ganin magana ta wuce.

Ashe shirun ne zai jawo min. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na rage wa Baba hanya. Muna tafiya yana kasa kunne, na taka birki ya ji tsit, sai ya buga min cinya yana dariya. Ya ce, "Ba na faɗa maka zai zauna ba? Ku yaran ofis, komai sai ku ce a saya sabo." Sai ya ƙara da cewa bas ɗin coci ma irin kukan nan yake yi a gaba, jiya ya yi masa irin maganin da ya yi wa tawa, tunda ya ga ya yi aiki.

Jama'a, bas ɗin nan ne zai kwashi matan zumunta zuwa biki a garin Mutum Biyu ranar Asabar mai zuwa. Kun san hanyar, ramuka da tireloli da shanu masu tsallakawa ba sallama. Madam tana cikin masu tafiya, za ta goya autarmu. Na ce mata ba za ta je ba, ta ce ita ce mai jan waƙa, kuma in na isa in je in faɗa wa fasto cewa babanta bai iya aiki ba. To ko na hana ta, sauran matan fa, su ba mutane ba ne?

In na je wurin Baba kai tsaye, dole in faɗa masa na kai motata wani gareji a ɓoye, kuma ba lallai ya saurare ni ba. In na je wurin fasto, na tozarta surukina a gaban coci, garejinsa ma zai iya mutuwa, gidana kuma ban san yadda zai kasance ba. Na yi tunanin in lallaɓi direban bas ɗin ya kai shi a gyara a ɓoye, amma irin ɓoyon nan ne ya sa Baba ya yarda silifas magani ne, gobe motar wani zai cusa wa.

Ku gaya min wa zan fara tunkara, kuma da wane baki. Ledar tana nan a but ɗin motata, kuma yau Laraba.