Kakar da Injina Ya Kwana a Funtua

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Masara ta bushe a gonakin Gozaki, injina na casa kuwa yana Funtua a garejin Maiwada. Mako guda ya ce mini, tun kafin a fara yanka. Yau ma na je, wai bai samu kayan gyara ba. Na hango injin a gefe, an lulluɓe shi da buhu kamar gawa.

Talata, 5 ga Nuwamba
Manu, abokina tun muna yara, ya ga kan injina a Tsiga, an ɗaura shi a jikin injin wani yana ta aiki. Da jan fentin da na shafa masa ya gane shi. Ashe haya Maiwada ya bayar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matata Sabuwa ta ajiye tuwo, ta dawo ta ɗauke abinta.

Laraba, 11 ga Disamba
Kaka ta wuce. Manoman da nake yi wa casa duk sun kira wani. Na shigar da ƙara a kotun shari'a. Lauyan da na ɗauka ya ce kada in tsaya a kan inji kawai, in nemi diyyar ribar da zan samu da ina da shi, amma sai an kawo shaidar abin da na saba samu. Na ce wannan mai sauƙi ne, Manu na nan.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025
Manu ya ba da shaida. Maganar kan inji ya faɗe ta tsaf, har Maiwada ya sunkuyar da kai. Sai lauyansa ya tashi a hankali ya ce, "Malam Manu, shi mai ƙara da bakinsa, me yake ce maka game da samunsa?"

Manu ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Yakan ce injin ba ya kawo komai sai wahala, duk a mai da gyara kuɗin suke ƙarewa."

Kuma bai yi ƙarya ba. Haka nake ce wa kowa, a masallaci, a kasuwa, a wajen suna. Baba ne ya koya mini: ba a faɗin samu, bakin mutane na karya abu, dangi kuma su yi layi a ƙofa. Da injin nan na yi rufin kwano, da shi na sayi gonar fadama, amma kullum ina kuka da shi. Yau kukan nawa aka karanta mini a gaban alƙali.

Juma'a, 17 ga Janairu
Manu ya yi sallama a ƙofa. Na ce a ce ina barci.

Alhamis, 30 ga Janairu
Alƙali ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa cewa lallai da na samu abin da nake nema. Lauyana yana ta zungurina. Na kasa. Ta yaya zan rantse a kan kakar da ban yi ba? Da injin ya tsaya a ranar farko fa? Ko ni na kwanta ciwo?

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Hukunci: Maiwada ya dawo da inji a gyare, ya ba ni kuɗin hayar da ya karɓa. Riba kuwa ba a tabbatar ba. Kuɗin bai kai abin da na kashe a zirga-zirga ba.

Na shiga gida ina zagin Manu. Sabuwa tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ni ma da an kira ni, abin da Manu ya faɗa zan faɗa. Ban taɓa jin wani ba."

Wannan ta fi hukuncin zafi.

Asabar, 25 ga Oktoba
Na daɗe ban rubuta ba. Kaka ta zo, manoma kaɗan ne suka dawo mini. Jiya na yi wa Manu casa, ba mu tayar da tsohon zance ba.

Da na dawo gida Sabuwa ta ce sannu da aiki. Bakina ya fara "Ai sai wahala", sai na ji na faɗa mata abin da na samu, har kuɗin mai da na cire. Ba wani dalili, gajiya ce kawai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah ya ƙara.

Yau da safe na tayar da injin ina fargaba. Ya tashi.