Rigar Baba da Takardar Korar Nafi'u

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da maganar da ta fi ƙarfin kaina, kamar yadda na saba tun kina da rai.

Inna, kin tuna shekarar tsuke bakin aljihu, da aka rage mana abinci a makarantar kwana ta Gwarzo? Yunwa ta sa na haura katanga neman rogo, aka kama ni. Aka dakatar da ni mako biyu, aka ce kada in dawo sai da ubana.

Baba ya rasu, kuma ba a karɓar mace a irin wannan zama. Saura Baffa, wanda kullum burinsa a raba ni da boko in koma bin shanu. Kin san idan ya je, godiya zai yi musu ya ce su kore ni.

Sai kika buɗe adaka kika ɗauko babbar rigar Baba, kika aika wa Malam Idi tela. Ya sa ta tana jan ƙasa, muka taho tun daga garinmu Kara. A gaban shugaban makaranta ya ɗauke ni da marin da har yau kunnena bai manta ba, don dai a yarda shi ya haife ni. Aka yarda, na koma aji. Ke kuwa ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Yau ni ne malamin ladabtarwa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, sabon shugabanmu ya ce ƙarya ba ta da wurin zama a makarantar nan, kuma ni ne na fi kowa gyaɗa kai.

Akwai wani ɗalibi ɗan Kabo, Nafi'u, ɗan ajin ƙarshe. Ya ɓace mako uku lokacin girbin dawa, muka dakatar da shi, muka ce ya zo da uba. Ranar Laraba ya shigo da wani dattijo cikin riga mai jan ƙasa. Ina ganinsa na gane shi: mai facin da ke gyara min babur ne a tashar Kabo. Kafin a ce komai ya wanke yaron da mari. Inna, dariya ta taso min, hawaye kuma suka riga ta.

Shugaba ya juyo ya tambaye ni ko na san mutumin, tunda hanyata ce. Bakina ya riga zuciyata, na faɗi gaskiya. Nan take kwamiti ya yanke kora.

Jiya na je Kabo. Uban yaron na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, Nafi'u ne ke noma gonar. Rigar ta uban ce. Uwar ce ta ɗauko ta, ta roƙi maƙwabcinsu mai facin ya sa ta. Daga bayan ƙofa ta gaishe ni, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Takardar korar na kan teburina, hannuna kaɗai take jira zuwa Litinin, ga rajistar jarrabawar fita ta kusa. Ke kika rene ni da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Ke kuma kika buɗe adakar nan. To wace Innar zan bi? Na yi gaskiya, amma ban ji daɗin da ake cewa mai gaskiya na ji ba. Idan na sa hannu, me zan ce da tawa takardar shaidar, wadda rigar aro ta samo min? Idan na ƙi, sai na ba shugaba labarin Malam Idi, kuma ban san da wane ido zai ƙara kallona ba.

Na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa. Ina jin labarin nan zan ba shugaba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba da Malam Idi. Idan abin da kika yi ranar nan laifi ne, Allah Ya yafe miki, Ya kuma ba ni ƙarfin zuciyar da kika yi shi da ita.

Ɗanki da har yau ke cin albarkacin rigar Baba,
Habibu