Kajin Keji Na Ƙarshe

Laraba da dare, Kurudu

Sau uku na wanke hannuna, har yanzu ƙarni nake ji. Yau muka feɗe kajin gwaji, waɗanda muka yi makonni muna zuba musu garin azurfa a ruwan sha, mai laushin da ido ba ya gani, wai ko zai maye gurbin maganin ƙwayoyin cuta. Na keji na ƙarshe, da suka fi sha, subhanallahi! Hanta ta kumbura ta koɗe, ina taɓawa tana dagargajewa.

Ina cikin rubuta sakamako Oga Bala, shugaban ɗakin bincikenmu, ya leƙo. "Malama Hadiza, kar a ƙone su fa. A raba wa ma'aikata kamar kullum."

Na ce, "Oga, ka ga hantar kuwa?"

Ya ce, "A cire ta mana. Nama ai nama ne."

Wai dokta guda ke faɗin haka! Kowa ya zo da ledarsa, ana wawaso. Na ƙi karɓar kasona, amma ban hana kowa ba, kuma wannan ne ke ci min rai.

Sai bayan magariba na iso gida, ƙamshin farfesu har ƙofa. Inna ta tare ni da fara'a: "Oganki mutumin kirki ne, ya aiko da kasonki. Yara har ƙari suka yi."